Kawu Mai Faranti Biyu

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Talata da hantsi a Dutsin-Ma, bayan shanyewar ɓarin jiki da ta kwantar da shi tun farkon damina. Aka kawo shi Kurfi aka rufe shi kusa da iyayensa kafin la'asar. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Wannan ita ce addu'ata, kuma da zuciya ɗaya na yi ta. Sauran abin da zan rubuta kuwa da fushi zan rubuta shi, gara in faɗa tun yanzu.

Maza ba su gama wanke ƙasar kabari daga hannu ba aka raba Kawu gida biyu. Waɗanda suka zo daga Dutsin-Ma suna ta raɗa cewa mayen ƙarfe ne ya cinye shi. Wai mutum ya shekara da shekaru yana zama kusa da maganaɗisu, ai dole wata rana ya zuƙe masa jinin kai. Wata maƙwabciyarsu har da rantsuwa cewa ta taɓa ganin makullin mota ya manne masa a goshi. Kawu dai hawan jini gare shi, irin wanda ya kashe mahaifinsu, mutumin da bai taɓa riƙe wani ƙarfe ba bayan fartanya. Ga shi kuma da son kilishi da gishiri, likita ya hana, Gwaggo matarsa ta hana, shi kuwa ya mayar da aljihun motarsa rumbu.

Mutanen Kurfi da Birchi da Wurma kuwa da yabo suka zo. Cewa suke an yi rashin babban mutum, wanda ya gano maganin ciwon ƙwaƙwalwa da mayen ƙarfe, tawali'u ne kawai ya hana shi shelantawa. Masu zagin ba su dame ni ba, Kawu ya saba da su tun yana da rai, dariya ma suke ba shi. Masu yabon ne suka tayar mini da hankali, domin yabon nasu ya kusa kashe yarinya. Saboda ita nake wannan rubutu, kuma don kada a binne Kawu na gaskiya a riƙa yawo da wani na ƙarya.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu malamin jami'a ne, fanninsa yadda jikin ɗan Adam ke aiki. Abin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kai ana iya faɗarsa a taƙaice. Yana ɗebo ƙwayoyin ƙwaƙwalwa daga jariran ɓeraye, ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, ya zuba su a 'yan farantan roba masu murfi, cikin wani jan ruwa da ke ciyar da su. Sai ya ajiye su a akwatin ɗumi mai kama da injin ƙyanƙyasar ƙwai. Wasu farantan yakan sa su a tsakiyar wani naɗi na wayar jan ƙarfe, zagayayye kamar gammo, wanda idan aka sakar masa wuta yake zama maganaɗisu. Tambayarsa guda ce: shin wannan ƙarfi da ba a gani yana canza yadda ƙwayoyin ke girma da yadda suke isar da saƙo ga juna?

Ba haka kawai ya zaɓi ƙwaƙwalwa ba. Suna yara a Wurma, kafin gidan ya dawo Kurfi, autansu yana da farfaɗiya. Aka ce iska ce, aka yi turare, aka yi rubutu, aka ware masa ƙoƙonsa da tabarmarsa. Wata rana ya kai shanu shan ruwa a tafki, ciwon ya kama shi a bakin ruwa, ruwan da bai wuce gwiwa ba. Mahaifiyata ta ce Kawu ne ya tsamo gawarsa. Shi bai taɓa ba ni wannan labari da bakinsa ba, amma duk lokacin da muka wuce tafki a mota sai ya rage magana.

A hannunsa na yi sakandare, kuma shi ya sa yau nake koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Wanda duk ya zauna da shi ya san tambayarsa, domin babu ranar da ba ya yin ta: “Ina ɗayan?” Manomi ya zo yana murna sabon taki ya cika masa rumbu, sai Kawu ya tambaye shi ina ɓangaren gonar da ya bari ba taki, don a kwatanta. Mai mota ya ce sabon bakanike ya rage masa shan mai, sai Kawu ya nemi sanin ko hanya ɗaya ya bi kafin gyaran da bayansa. Mutane suka riƙa kauce masa da albishir. Wata rana Gwaggo ta ce shayin citta ya warkar mata da mura, ya ɗago kai ya tambaye ta ina murar da ba a sha wa citta ba.

“Malam, mura ɗaya gare ni,” in ji Gwaggo. “In kana son ta biyu ka kamu da taka.”

Ranar da ya fara shiga da ni ɗakin gwaje-gwajensa, sai da ya sa na tuɓe awarwaro da agogo, na wanke hannu har gwiwar hannu, ya fesa mini sifirit. Ya ce idan an buɗe faranti ba a magana a kansa, ba a tari, ba a miƙa hannu ta samansa. Na ce Turawa da tsirfa suke. Ya ce ba wurin Bature ya fara koyon wannan ba, wurin Inna ne, kakata. Ƙwaryar nononta babu mai taɓawa, takan wanke ta, ta shanya a rana, ta rufe da faifai, kuma yaron da ya leƙa ciki yana surutu sai ya sha ludayi a ka. Ya ce nono da ƙwayar ƙwaƙwalwa ajalinsu ɗaya ne, ƙazanta. Idan jan ruwan nan ya koma rawaya ya yi gurɓi, to aikin makonni ya tafi, sai a zubar a sake.

Da na sa ido a madubin ƙara girma, gaskiya raina bai cika ba. Na zaci zan ga tunani yana walƙiya. Abin da na gani wasu 'yan ɗigo ne masu siraran rassa, kowanne yana miƙa nasa yana neman na kusa da shi, kamar yaɗon kabewa a bayan ɗaki. Na ce masa shi ke nan? Ya ce in yi hattara da bakina, da irinsu nake raina su. Sannan ya sa na gaishe su, na kuwa gaishe su, yana ta dariya.

Shanunsa yake kiran su. A tsakiyar ɗaurin aure zai duba agogo ya miƙe, ya ce shanu na jiran ruwa, ya kama hanyar Dutsin-Ma, a bar dangi da tsaki. Akwatin ɗumin ba ya son a ɗauke wuta, don haka da bazara ta yi tsanani wata shekara sai ya kwashe baturan solar gidansa ya kai wa shanun. Muka kwana muna fifita da murfin kwali. Gwaggo ta ce ita ma da a faranti aka haife ta da ta ga gata a gidan nan. Duk da haka ita ce take tuna masa ranar canza musu ruwa idan ya shagala da jarrabawar ɗalibai.

Sai shekarar albishir ta zo, wadda ita ce tushen duk wannan rikici. Kawu ya lura ƙwayoyin da ke cikin naɗin waya sun fi sauran tsawon rassa. Ya sake gwadawa, ya sake ganin haka. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba, har waƙa yake yi a banɗaki, da muryar da Allah bai yi don waƙa ba. Aka yi suna a Kurfi, ya zo, baki ya kasa riƙe magana, ya gaya wa yayansa, Kawu Babba. Kawu Babba dillalin shanu ne, mutum mai kirki da alfahari da ƙanensa, amma maganar da ta shiga kunnensa da safe kafin azahar ta kai kara, kasuwar shanu. Kawu ya ce rassa sun ɗan ƙara tsawo a faranti. Kafin kasuwa ta ci sau biyu, labarin ya zama ɗan Kurfi ya gano maganin farfaɗiya.

Ana cikin haka tambayarsa ta kama shi da kanta. Ɗayan farantin, wanda ake kwatantawa da shi, a kan kanta kawai yake ajiye shi, babu waya kewaye da shi. Wata rana ya taɓa naɗin bayan ya daɗe a kunne, ya ji ɗumi. Ya zuba ruwa zalla a faranti, ya sa ma'aunin zafi, ya ga na cikin waya ya ɗan fi na waje zafi. Ashe waya idan wuta na bin ta ɗumi take yi, ƙwayoyin kuwa ɗan ɗumi kaɗan yana canza girmansu. Ke nan bai san ko maganaɗisu ne ya tsawaita rassan ko ɗumi ba. Ya je wurin wani mai naɗin wayar fanka a cikin gari, suka yi naɗi na biyu daidai da na farko, sai dai rabin wayar ta bi dama rabi ta bi hagu, yadda ƙarfin maganaɗisun zai kashe kansa amma ɗumin ya zama iri ɗaya. Ya kuma sa wani abokin aikinsa ya riƙa yi wa farantan alama a ɓoye, don kada shi ya san wanne ne wanne sai ya gama aunawa, kada son zuciya ya ja masa ido. Da aka yi haka, yawancin bambancin ya ɓace.

Da wani malamin ne, da ya yi shiru ya bar labarin ya mutu da kansa. Kawu ya zaɓi ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da zauren yayansa yake cike da abokai da 'yan kara. Ina soron ciki tare da mahaifiyata, muna jin komai. Ya gaisa da kowa, ya zauna, ya gyara murya.

“Yaya, maganar da na gaya maka ran suna, na yi kuskure. Ɗumi ne, ba mayen ƙarfe ba. Ba ni da maganin farfaɗiya, kuma duk wanda ya ji daga bakinka ina roƙon ya ji wannan ma.”

Kawu Babba ya ce da ya ja shi gefe mana, mi ya sa zai kwance mashi zani a kasuwa.

“A gaban mutane aka hwaɗe ta, Yaya. A gaban mutane za a gyara ta.”

Kawu Babba ya tashi ya shige gida, ya wuce mu ko kallo. Daga ranar gaisuwarsu ta koma ta maƙwabta. Da Babbar Sallah Kawu ya aika da cinyar rago, aka karɓa, aka aiko da godiya ta bakin wani. Mahaifiyata ta yi ta kai-kawo tsakaninsu har ta gaji. Ni kuwa a lokacin ina ganin Kawu ya cika tsanani, kuma na gaya masa. Ya ce idan mutum ɗaya ya bar maganin asibiti saboda maganar da ta fito daga bakinsa, me zai gaya wa Allah, ya ce yana jin kunyar yayansa ne?

Ya ci gaba da aikin har ƙarfinsa ya ƙare. Idan aka tambaye shi me ya gano bayan duk shekarun nan, amsarsa ba ta canzawa: “Kaɗan, wani lokaci, a cikin faranti.” Wato akwai ɗan canji da yakan bayyana, ya danganta da ƙarfin maganaɗisun da daɗewarsa da kwanakin ƙwayoyin, wani zubin kuma a nema a rasa. Yakan ƙara da cewa faranti ba kai ba ne, kai yana da ƙashi da jini da mai shi. Bai taɓa cewa maganaɗisu ba ya komai ba. Shi ya gaya mini akwai manyan asibitoci da ke da wata na'ura mai harba maganaɗisu mai tsananin ƙarfi a kai don wasu cututtuka, likita na tsaye, an auna komai. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauki wannan a jingina wa duk ƙarfen da ke kama allura. Ɗalibansa sun ce a aji ma haka yake, ya fi ba da maki ga wanda ya rubuta bai sani ba da dalili fiye da wanda ya cika takarda da tabbaci.

Yanzu in zo ga yarinyar. Ɗiyar Kawu Babba, wadda nake kira ƙanwata, tana aure a Birchi. 'Yarta ta fari ta fara faɗuwa tana aji biyu a firamare. Dangin miji suka yi abin da aka saba, aka ware mata kofi da ludayi, aka hana yara zama kusa da ita, wai yawun mai farfaɗiya yana ɗaukar mutum. Ranar da Kawu ya ji, ni ya ɗauka muka tafi. Muka tarar da ita a gindin bango ita kaɗai da ɗan ƙoƙon fura. Ya gaisa da surukai yadda ya kamata, sannan ya wuce ya zauna a ƙasa kusa da ita da babbar rigarsa. Ya ce, mutuniyata, a sam mini mana. Ya karɓi ludayin da ta cire daga baki, ya shanye sauran furar, ya lashe ludayin. Sai ya juya ga mutanen gidan ya ce to a jira a ga faɗuwarsa, amma a kawo masa gyaɗa kafin nan, don jira da yunwa ba daɗi. Ya zauna har la'asar yana ɓare gyaɗa suna ci tare.

Shi ya kai ta asibiti a Katsina aka ɗora ta a kan ƙwayoyi, safe da yamma. Shi ya koya wa mutanen gidan idan ta faɗi a kwantar da ita ta gefe, a kawar da wuta da ruwa, kada a cusa mata cokali a baki. Ya gaya wa uwarta da babbar murya cewa maganin nan ba a yanke shi kwatsam, ko da an ga sauƙi. Daga nan kowace Juma'a bayan masallaci sai ya kira waya. Gaisuwarsa gajeriya ce, sai tambaya: “Ta sha?” Faɗuwar ta ragu har ta kusa ɓacewa, yarinya ta koma makaranta. Duk wannan yana yi wa jikar mutumin da ba ya amsa masa gaisuwa da sakin fuska.

Akwai wata Hajiya, dangi ce ta nesa, mai yawo gida-gida da kayan lafiya: shayin rage ƙiba, awarwaron hawan jini, da wata hula mai maganaɗisu da take cewa tana gyara ƙwaƙwalwa. Ta taɓa kawo wa Kawu hular har gida, tana yayana yayana, tana so ya sa mata baki. Ya karɓa, ya nemi reza, ya farke ɗinkin, ya zazzage wasu 'yan baƙaƙen ƙarafa irin na murfin jaka. Ya mayar da su, ya kifa hular a kansa, ya ci gaba da cin tuwo, yana tambayar Gwaggo ko ta ga ya ƙara wayo. Da ya gama dariya sai ya ɗaure fuska. Ya ce wa Hajiya wanda yake jin sanyi ya sa hula, ba ruwansa, amma ranar da ya ji ta haɗa sunansa da ita, ko ta sa wani ya bar magani, su biyu ne a garin nan. Ta kwashe kayanta, ba ta sake zuwa ba sai da ciwo ya ɗauke masa harshe.

Da ya kwanta, hankalin kowa ya koma asibiti, kiran Juma'a ya tsaya. Haka aka yi ta jinya har Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar addu'ar uku tsakar gidan Kurfi ta cika da mata. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗaki cikin takaba, carbi a hannu, kowa ya shigo ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, ya faɗi alherin mamaci. Kowa ya san ƙa'idar wurin. Abin da aka faɗa na yabo, amin ake cewa, ko da an san an ƙara gishiri. Na ji an ce bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, na ce amin, alhali rabin masu zaman ya taɓa ɓata musu. Na ji an ce ba shi da son abin duniya, na tuna kilishin cikin mota, na ce amin.

Sai Hajiya ta gyara zama, ta share hawaye da gefen mayafi. Ta ce an yi rashin da ba a mayarwa, bawan Allah da ya ƙarar da ransa ya tabbatar mayen ƙarfe yana warkar da ƙwaƙwalwa. Ta ce shi da bakinsa ya sa wa hularta albarka, har ya sa ta a kansa a gabanta. Ta nuna ƙanwata ta ce ga shaida nan, 'yarta ta rabu da ƙwayoyin Bature tun da aka sa mata hular. Mata suka ɗauki salati da amin.

Na juya na dubi yarinyar. Tana rakuɓe a bayan uwarta, kanta ya yi tudu a ƙarƙashin hijabi, hannunta na dama a naɗe da tsumma. Na matsa na tambayi ƙanwata a hankali me ya sami hannun. Ta sunkuyar da kai ta ce faɗuwa ta yi kusa da murhu. Ta ce faɗuwar ta dawo, har ta fi ta da, amma Hajiya ta ce ciwon ne ke fita, a ƙara haƙuri. Ta ce ai Kawu ne ya gano abin, ita wace ce da za ta ja da Kawu. A bayanmu kuwa manyan tukwanen abincin sadaka na kan wuta, yara na ta gilmawa.

Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a wurin, na ce da muryar da nake tsawata wa aji:

“Hajiya, ƙarya kike yi wa Kawu. Ina wurin ranar da ya sa hular nan, dariya yake maki. Bai taɓa cewa tana magani ba. Ya ce kada a bar ƙwaya, kin sa an bari, ga hannun yarinya nan.”

Gidan ya rikice. Wata tsohuwa ta kama zanena tana ja, tana cewa ke ɗiyar nan, ba a musu a gidan mutuwa. Wata ta ce boko ya cire mini kunya, kawuna ko kwana uku bai cika ba ina tozarta shi, ana yabonsa ina ƙaryatawa. Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi. Hajiya ta fashe da kuka tana cewa ita da ta zo gaisuwa aka ci mata mutunci. Na ce a kira ni marar kunya daga nan har Birchi, na yarda, amma ba zan ce amin ga maganar da za ta tura yarinya cikin wuta ba. Gwaggo kuwa, na ga carbin ya tsaya a hannunta.

Hayaniyar ce ta kai waje. Muka ji sallamar namiji a bakin soro, mata suka shiga gyara lulluɓi. Kawu Babba ne, da sandarsa, idanunsa jawur don kuka. Ya tambayi abin da ya faru, tsofaffi suka yi caa suna kai ƙarata. Na tabbata tawa ta ƙare, domin a gidan nan babu wanda maganar mayen ƙarfe ta taɓa ƙonawa kamarsa. Ya saurara har suka gama. Ya kira jikarsa, ya ɗaga hannun da ke naɗe ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sa hannu ya zare hular daga ƙarƙashin hijabin.

“Ni na fara yaɗa zancen ga, ba shi ba,” ya ce. “Ya zo har zaurena ya ƙaryata ni gaban mutane, na yi fushi da shi har ya mutu ban sake mashi fuska yadda ya kamata ba. Shina da gaskiya. Mun rasa ƙane a tafki, ba za mu rasa jika a murhu ba. Wanda zai yabi ɗan'uwana ya yabe shi da abin da ya ce.”

Ya miƙa wa Hajiya hularta. Ta ƙi karɓa, ta ja mayafi ta fita, hular ta faɗi a ƙasa. Gwaggo ta ɗago ta dube ni, ta ce a hankali in zauna haka nan, na yi aikin Malam, sauran kuma a bar wa addu'a. Sai a lokacin kuka ya zo mini, wanda tun ranar Talata ya ƙi zuwa.

Washegari muka kai yarinyar asibiti. Likita ya wanke ƙunar, ya yi wa ƙanwata faɗan da ya dace, ya sake tsara mata maganin. Hular kuwa ƙanwata ta tsince ta, ta rataye kusa da keken ɗinkinta, tana tara mata allurai da fil. A nan kam tana aiki, ban musa ba. Har yau akwai gidajen da ake nuna ni da baki a Kurfi, wadda ta yi musu a zaman makokin kawunta. Ina gaishe su, suna amsawa ciki-ciki, ina wucewa.

Juma'ar da ta biyo bayan addu'ar arba'in ina Birchi wurin ƙanwata. Bayan an sauko daga masallaci wayarta ta yi ƙara. Kawu Babba ne, mutumin da bai iya waya ba sai da ihu, kamar yana kiran saniya daga ƙetaren rafi, don haka duk tsakar gidan muna ji. Ya yi sallama a gajarce, ko gajiya bai tambaya ba.

“Ta sha?”

Muryarsa da ta marigayi Kawu iri ɗaya ce, ban taɓa lura ba sai ranar. Ƙanwata ta zame ta zauna a ƙasa da wayar a kunne. Yarinyar ce ta karɓa da hannunta mai tabo ta ce, “Na sha, Kaka.”

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, waɗanda shi da kansa yake fara shelantawa. Wanda ya yi masa addu'a mun gode. Wanda kuma yake son ya faɗi abin da ya gano, ga shi nan yadda ya bar shi: kaɗan, wani lokaci, a cikin faranti. In an ƙara ko kalma ɗaya a kai, ina nan Kurfi, kuma ban tuba da musu a gidan mutuwa ba.